Yadda Na Sa Baki a Zaɓen Karimu

Paris ta tarbe ni da ƙarya tun ban ajiye akwati ba. Karatuna a Lyon yake, na samu gurbin digiri na biyu a fannin ruwan sha, amma mutumin da ya samar mini ɗaki ta intanet ya ce sai na biyo ta unguwar Barbès a Paris na karɓi mabuɗi a hannunsa. Hausa yake yi tsantsa, kuma duk wayar da muka yi sai ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Ni kuwa a Maradi an san ni da wayo da kaifin baki, ko ciniki za a yi a gidanmu ni ake turawa. Na aika masa abin da ya nema tun ina gida, ban yi shawara da kowa ba.

Na tsaya ƙarƙashin gadar metiro inda ya kwatanta mini. Kasuwa tana ci, masu kayan miya suna ta ihu da Larabci da Faransanci, jirgin ƙasa yana wucewa ta saman kaina har ƙarafa na rawa. Na kira lambarsa, a kashe. Na sake kira, a kashe. Tun ina cewa caji ne ya ƙare masa, har na daina ruɗin kaina. Na zauna a kan akwatina a bakin wani shagon waya, na rantse ba zan yi kuka a ƙasar mutane ba, sai ga shi ina yi har da majina.

Mai shagon ya leƙo. Dattijo ne da farin gemu, ashe ya ji ni ina kiran Inna.

"Ke 'yar ina ce?" ya ce da Hausar Kano.

Na ce Maradi. Na ba shi labari ina shessheƙa.

"Subhanallahi. Mu ga lambar." Ya duba ya girgiza kai. "Wannan layin an yar da shi, 'yata. Ba ke ce ta fari ba. Tashi ki shigo, kin ci abinci kuwa?"

Sunansa Alhaji Sabo. Da ya rufe shago ya kai ni gidansa a Stains, ya danƙa ni a hannun matarsa, Anti Bilki. Gidan ƙarami ne, na kwana tsakanin yara, ƙafar wannan a wuyana, gwiwar wancan a bayana, amma ban taɓa barci mai daɗinsa ba. Anti Bilki ta ba ni rigar sanyinta, ta ce wadda na taho da ita daga gida ko kaza ba za ta ɗumama ba. Sannan ta zauna da waya tana bin matan Hausawa ɗaya bayan ɗaya, daga wannan gari zuwa wancan, har aka ce akwai wata 'yar Maradi a Rillieux, arewa da Lyon, mai wurin kwana a ɗakin 'ya'yanta mata. Ranar da zan tafi ta cusa mini ƙullin yaji a jaka, ta ce abincin Nasara sai da shi.

A tashar bas ta Lyon Hajiya Maryama ta zo da kanta ta ɗauke ni. Gajeruwa ce, ba ta da yawan magana. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗiyata, kin sha wuya. Mu tahi gida." Mijinta Malam Isuhu dogo ne siriri, ya zo karatu tun yana saurayi, yanzu yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje. Ba su tambaye ni ko sisi ba. Hajiya ta nuna mini gado, ta nuna mini tukunya, ta ce nan gidanmu ne.

Washegari da la'asar ina shara a falo aka buɗe ƙofa, wani ƙato ya sunkuyo ya shigo da jaka wadda za ta ɗauke ni har da akwatina. Na saki tsintsiya na yi baya. Wari ya biyo shi, irin na fatar da aka jiƙa aka manta da ita.

"Sannu, Yaya," ya ce, da wata Hausa mai ɗingishi. "Ni Karimu. Désolé, yi haƙuri, kayan wasa ne, suna wari."

Ɗansu ne na fari, shekararsa sha bakwai. Hajiya ta fito daga kicin, ba ta ko dube shi ba, ta ce wa ƙanwarsa, "Ki ce ma wancan shi hidda kayan ga baranda." Na yi murmushi ni kaɗai, don na ji gida. Haka Inna take yi da Yaya Habu, ɗanta na fari: ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa, ko a gaban baƙi aka yabe shi sai ta kawar da kai ta ce ai ba ya jin magana. Kunyar ɗan fari ke nan, mun taso mun tarar. Na yi mamakin ganinta a bene hawa na sama a ƙasar Faransa, amma ta sanyaya mini rai.

Hoki na ƙanƙara Karimu yake bugawa, tun yana ƙarami da makarantarsu ta kai su filin. Hajiya ba ta taɓa zuwa kallo ba. Malam yakan je, amma a bayan ginshiƙi yake tsayawa, ya sulale kafin a tashi. Wata Asabar yaron ya ce, "Yaya Zainabu, ki zo mana. Les autres, sauran yaran, duk danginsu suna zuwa." Yadda ya faɗe ta yana kallon takalminsa ya sa na ajiye littafi na bi shi.

Jama'a, ban san akwai mutanen da ke biyan kuɗi su zauna a cikin firji ba. A waje sanyi, a ciki sanyi na haya. Ina cikin rawar ɗari sai ga yara sun fito sanye da kaya kamar za su yaƙi, kowa da sanda, a ƙarƙashin takalminsa kuma wuƙa ce a miƙe. Wuƙa ta gaske. Suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da ido ba ya kamawa, suna haɗa junansu da bangon gilashi, ji kake gam, 'yan kallo suna tafi. Na ce a raina a Maradi da tuni an kira 'yan sanda.

Karimu mai tsaron baya ne. Wasu suna gudu gaba, shi da baya yake gudu, yana fuskantar masu kawo hari, bai ko waiwaya. Can wani ya ɗaga sanda ya maka wa faifan nan da dukkan ƙarfinsa, sai na ga Karimu ya jefa jikinsa a gaba ya tare da ƙafa. Na miƙe na kurma ihu, "Kai, ka haukace? Kauce mana!" Ya tashi yana ɗingishi ya ci gaba kamar sauro ne ya cije shi.

Wata farar mata mai furfura da ke kusa da ni ta tuntsire da dariya. Ta tambaye ni ko 'yar'uwarsa ce ni, da wani Faransanci mai lanƙwasa da sai na kasa kunne. Na ce kusan haka. Ta ce sunanta Kolet, daga Kanada ta zo, aikinta yawo ƙasa ƙasa tana nemo wa ƙungiyarsu 'yan wasa matasa.

"Saboda shi na zo," ta ce. "Wannan ne karo na uku da nake kallonsa."

Na ce, "Madam, ai bai ci ko ɗaya ba. Ga wancan jan kan ya ci biyu."

Ta ce masu ci suna da yawa, ko'ina ka juya za ka samu. Mai tsaron baya na ƙwarai kuwa ba ya zuwa kasuwa, wanda yake da shi ba ya saki, idan ma ya saki sai ka ba da rabin gidanka. Don haka ƙungiyar da ke son ɗaukar kofi sai ta zaɓo nata tun yana ɗanye, ta rene shi, ta jure kurakuransa shekaru, domin su ba sa nuna da wuri. Ta nuna shi da haɓa. "Dogo ne, ta dama yake riƙe sanda, irinsu ba su da yawa. Amma dubi kansa. Mutum biyu sun taso masa, bai firgita ba. Wannan ba a koya wa yaro shi."

Ta bayyana mini yadda ake zaɓen, na saki baki. Sau ɗaya a shekara ƙungiyoyin matasa na can suke layi su zaɓi yaran ƙasashen waje, wadda ta fi shan kashi a bara ita ke fara zaɓe. Yaro ba shi ke zaɓar gari ba, inda aka kira sunansa nan zai tafi, a sauke shi a gidan mutanen da bai sani ba. Idan an ga dama a tsakiyar shekara a musanya shi da wani, ya tattara kayansa. Daga nan ne manyan ƙungiyoyi suke tsintar nasu.

"A musanya mutum?" na ce.

"Da mutum, ko da wuri a layi," ta ce, ko a jikinta.

Na koma gida kaina yana juyawa. Karimu kuwa ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Tun yana yaro abin da yake mafarki ke nan, kuma shekarar nan ce tasa, idan ta wuce ƙofar ta kusa rufewa. Madam Kolet ta ce kafin ta kai sunansa gaban shugabanninta sai ta zo gida ta ga iyayensa, don ba a zuba shekaru a kan yaron da ba a san tukunyar da ya fito ba.

Ranar da za ta zo Hajiya ta tashi mu aiki tun safe. Aka yi dambun zogale, aka yi shinkafa da miyar kaji, aka turare falo har labule. Madam ta ci ta ƙara, yaji ya sa ta hawaye tana dariya. Sannan ta fara tambaya. Tsawon Malam nawa? Mahaifinsa fa, dogo ne? 'Yan'uwan Hajiya maza fa? A wace shekara Malam ya daina tsawo? Har ta roƙi ya buɗe tafin hannunsa ta gani. Na taɓa raka kawuna kasuwar shanu, wallahi tambayoyin ba su da nisa da juna. Malam ya miƙa hannu yana murmushin dole.

Daga nan ta ajiye cokali ta ce, "To, ku gaya mini wane irin yaro ne. Me kuke alfahari da shi a kansa?"

Na san an zo wurin. Malam ya dubi kafet ya ce, "Alhamdu lillahi. Sai dai addu'a." Madam ta jira ƙari, babu ƙari. Ta juya wurin Hajiya.

Tunda na zo gidan ban taɓa jin Hajiya ta yi Faransancin da ya wuce na cefane ba. Ran nan sai ga shi yana fita tar, kamar mai karanta labarai. Ta ce yaron malalaci ne, sai an tashe shi. Ko ƙwai bai iya soyawa ba. Yana da zuciya, abu kaɗan ya rufe ƙofa. Bai taɓa kwana nesa da gida ba tare da ya kira yana ƙorafi ba. Ta ce ita ba ta ga abin da ake gani a jikinsa ba, wasan ma ba ta taɓa kallo ba, ba ta kuma da niyya.

Karimu yana zaune a gefe, kansa a ƙasa, kunnuwansa kamar za su kama wuta. Ya tashi a hankali ya shige ɗaki. Madam ta dubi ƙofar, ta dubi Hajiya, ta yi godiyar abinci. Ni kuwa ina ta murza zanena, ina cewa a zuci, Hajiya, wannan ba maƙwabciya ba ce da ta zo barka, kunyar nan ta yi yawa.

Ba a daɗe ba kocinsu ya gaya wa Karimu cewa Madam ta yi sanyi. Ba ta ce a'a ba, amma ta fara maganar wani yaro a wata ƙasa. Gidan ya yi tsit. Karimu ya daina cin abincin kirki, yana zuwa atisaye yana dawowa kamar wanda aka aika. Wata rana na same shi a baranda yana naɗa tef a sandarsa.

"Yaya, me na yi mata?" ya ce. "Toute ma vie, duk rayuwata, ko sunana ba ta faɗi. Na ce to, c'est la coutume, al'ada ce. Amma a gaban matar? Ta san abin nan shi ne rayuwata."

Na ce, "Kai ba ka gane ba. Uwa ba ta yabon ɗan hwari, ko da shi ya hi kowa. Tsoron baki ne da kunya. Wadda ta hi kushe ka ita ta hi son ka."

"To Madam ta san haka?"

Mutanen nan sun ɗauke ni daga titi, sun ba ni gado da tukunya, ga ɗansu zai rasa abin da ya yi wa wahala tun yana yaro saboda baƙuwa ba ta san al'adarmu ba. Kuma ni Allah bai yi ni da iya shiru ba. Na samu labari wurin kocin cewa Madam tana Paris kallon wata gasar matasa kafin ta koma ƙasarsu, na karɓi lambarta. Na ce wa Hajiya zan je Stains gaida Anti Bilki. Ta ƙulla mini kilishi na kai mata, ta raka ni har bakin lif tana cewa na rufe wuyana.

Paris ta biyu ba ta ba ni tsoro kamar ta farko ba, na riga na san ba a gaida mutane a metiro. Na kai wa Anti Bilki saƙonta, na biya shagon Alhaji Sabo ya yi ta tsokanata wai na yi ƙiba, sannan na nemi filin ƙanƙarar. Madam Kolet ta ba ni lokaci tsakanin wasa biyu, a wani ɗan wurin shan kofi da ke ciki.

Na zazzage mata komai. Na ba ta labarin Inna da Yaya Habu, yadda ranar da ya gama jami'a duk unguwa ta zo murna, ita kuwa ta shige ɗaki ta ce ai sa'a ce ya yi. Na ce a wurinmu uwar da ta zauna gaban baƙo tana yabon ɗanta na fari, sai a fita ana zunɗenta. Na gaya mata abin da idona ya gani: kayan warin nan da ko ƙannensa ba sa kusanta, Hajiya ce ke wanke su da hannu. Ranar atisayen safe ita ke riga kowa tashi ta dafa masa abin kari, ta ajiye ta koma ɗaki don kada ya gan ta. Duk ranar wasa ba ta zama, sai na dawo ta tare ni da, "An tashi lahiya?" ba ta ce wa take nufi ba. Na ce malalaci ba ya tsallaka gari da wannan jaka a cikin sanyi shekara da shekaru. Ƙwai kam gaskiya ne bai iya ba, zan koya masa.

Madam ta yi dariya tana juya kofinta. Ta ce ba halin yaron ya dame ta ba, kocinsa da malamansa duk sun yabe shi. Gidan ne. Mai tsaron baya kuskurensa a fili yake, idan ya zame kowa ya gani, gari guda zai zage shi. Yaron da ke nesa, idan ya kira gida bayan irin wannan rana aka ce masa ai dama mun faɗa, to da wuya ya kai bazara. Ta ga irinsu sun karye.

"Na zauna da iyaye da yawa," ta ce. "Matar nan ta zaɓi kalmominta. Kin tabbata al'ada ce kawai?"

Har na ji haushi. Matar da ba ta taɓa taka Maradi ba za ta koya mini uwayenmu? Na dafa ƙirji na ce, "Madam, cikin abin nan aka haife ni. Na tabbata." Ta dube ni ta ce ba ta yi alkawari ba, amma za ta yi magana da mutanenta. Na hau bas na koma Lyon ina jin kaina kamar jakadiya.

Ban gaya wa kowa ba sai Karimu, shi ma na ce ya riƙe bakinsa har a ga abin da Allah zai yi. Sanyi ya wuce, na yi jarrabawa, kewar gida tana zuwa tana tafiya. Wani lokaci ina cikin bas sai ƙamshin wani abu ya tuna mini furar Inna, na rasa inda zan sa kaina. A irin ranakun Hajiya ba ta tambayata komai, sai dai na ga ta dama mini kunu ta ajiye.

Ranar zaɓen ta faɗo a farkon bazara. Can Kanada safiya ce, mu nan la'asar. Karimu ya ɗora kwamfuta a teburin falo, ƙannensa sun manne masa, Malam yana zaune nesa da jarida a hannu wai karatu yake. Hajiya tana kicin. Ba wani biki ba ne, sunaye ne kawai ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar Madam tana can ƙasan layi, don ba su sha kashi sosai a bara ba, kuma Karimu ya ce akwai wata a gabansu da ke neman mai tsaron baya, wadda ba ta taɓa kallonsa ba. Idan wasu suka riga su ɗauke yaron nan na wata ƙasar, wa ya san ko Karimu za su ɗauka.

Sai Karimu ya zabura. "Ils ont échangé! Sun yi musanya!" Wai ƙungiyar Madam ta ba da ɗan wasanta guda, babba, mai ci musu ƙwallaye, ga wata ƙungiya don kawai ta karɓi wurinta a gaban layi. Na ce, "Yanzu wani bawan Allah yana can yana karin kumallo, an sayar da shi bai sani ba?" Ba wanda ya amsa mini. Layin ya motsa, sai ga sunan Karimu, da na Malam a bayansa, da sunan Faransa a gefe.

Yaran suka fasa ihu. Karimu ya durƙusa ya kifa goshinsa a kafet, kafaɗunsa suna rawa. Malam ya ninke jarida, ya ce, "To, madalla," ya fita baranda ya juya mana baya, na ga yana share fuska da hularsa. Waya ta fara ƙara, Madam ce.

Ni kuwa na ruga kicin, bakina har kunne. Hajiya tana yanka albasa, ba ta juyo ba.

"Hajiya, an ɗauke shi! Har mutum sunka bada don su same shi!"

"Na ji," ta ce.

Daɗi ya kwashe ni, na kasa riƙewa. Na ce, "Ai ni na gyara maganar. Tahiyar da na yi Paris, wurin Madam na je. Na hwaɗa mata kunya ce irin tamu, ba wai ba ki son shi ba. Na gaya mata wankin da kike, da abincin sahe, duka."

Wuƙar ta tsaya. Ta juyo a hankali ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Wa ya aike ki?"

Na ce, "Ba kowa, Hajiya. Na ga kamar..."

"Zainabu, na hi shekara ashirin a ƙasar ga. Ni ka zuwa lakwal ɗin yaran ga in zauna da malamansu. Kina tsammani ban san abin da Nasara ka son ji ba? Na sani sarai. Shi ya sa na hwaɗa mata wancan."

Ta ci gaba, muryarta ƙasa ƙasa don kada a ji a falo. Ta ce tun zuwan Madam na farko ta bi uwayen yaran ƙungiyar ta tambaya, ta san komai. Ta san gidan baƙi za a kai shi, ta san ana musanya su, ta san akwai wanda ya dawo da kai a fashe ba ya son haske. Ta ce ita ta bar uwarta tana da shekara sha tara, ta ce shekara biyu za ta yi, ko jana'izarta ba ta samu ba.

"Ban iya ce mishi kar ka tahi, shi tsane ni har abada. Ban iya ce ma babanshi. Na ce bari in ɓoye bayan kunya, kowa shi ce al'ada ce, matar ta tahi da kanta. Ko shekara guda in ƙara da shi gabana, ina jin motsinshi." Ta goge hannu a zane. "Baƙuwa ta gane ni. Ke ɗiyar gida kinka je kinka rantse mata."

Tun da na sauka ƙasar nan ba abin da ya gigita ni kamar wannan, har damfarar Barbès. Kuma har yau idan aka tambaye ni wa ke da gaskiya tsakaninta da yaron, ban san amsa ba.

Muna tsaye haka Karimu ya sunkuyo ya shigo kicin, idanunsa jajir, yana dariya. Ya kama hannuna da hannayensa biyu yana jijjigawa.

"Maman, kin san abin da Yaya ta yi? Har Paris ta je. Ba don ita ba, kunyarki da ta kashe ni!"

Na dubi Hajiya. Kalma ɗaya za ta faɗa ya san komai. Ta ɗaga kai ta dubi ɗanta, sama da ƙasa, a hankali, ba ta yi sauri ba. Sannan ta ɗauki wuƙarta ta jawo wata albasar.

"Haka ne," ta ce. "Ka gode mata."